Abin da na gani yau a Isesaki

Yau da rana ina garejin da nake sayen kayan mota na hannu a nan Japan, sai ga wani dattijo ɗan Peru ya shigo neman fitila. Mai garejin, mutumin Iran, ya miƙa masa ya ce ya bar kuɗin sai an yi albashi. Dattijon ya karɓa da hannu biyu, tafinsa duk kanta, ya ce a hankali har yanzu ba a sabunta masa kwantiragi ba.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. 'Yan Peru jikokin Japanawa su aka buɗe wa ƙofa da dokar shige da fice ta 1990, da takardar zama a hannu, aka kwashe su zuwa masana'antun jihohin Gunma (inda Isesaki take) da Aichi. Iraniyawa kuwa, da aka dakatar da shigowarsu ba biza a 1992, farautarsu aka riƙa yi a wuraren shaƙatawa na Ueno da Yoyogi da ke Tokyo, akasarinsu suka koma gida. Cikin 'yan kaɗan da suka saura, wasu ta hanyar aure, dole ta sa suka iya yaren har suka kafa sana'ar kansu. Shi kuwa mai takarda ya tsufa yana ƙwadago a hannun dillalan ma'aikata, kuma da tattalin arziki ya karye, a 2009 gwamnati ta yi wa irinsu tayin yen 300,000 su koma. Ina ta tunanin wa zai riƙe wannan bawan Allah ranar da ƙarfinsa ya ƙare.