Yadda histamin ke sa ƙululun saman ƙoda fitar da adirenalin

Da an ambaci histamin, wani sinadari da jiki ke sarrafawa, ƙaiƙayi da atishawa mutane ke tunawa. Ni kuwa aikinsa a ƙululun da ke saman ƙoda ne ya fi ɗaukar hankalina, domin can ne tantanin da ke fitar da adirenalin, sinadarin da ke ƙara bugun zuciya da hawan jini, suke.

Wajen isar da saƙonsa, histamin ba ya shiga cikin tantani. A fatarsa yake tsayawa ya manne wa makarɓinsa, wato furotin da ke karɓar saƙonsa, makarɓin kuma ya miƙa saƙon ga furotin G da ke maƙale daga ciki. Wannan furotin gaɓoɓi uku gare shi: alfa, bita da gama. Saƙo na isowa sai alfa ta saki GDP, sinadarin da take riƙe da shi lokacin hutu, ta ɗauki GTP mai kunna ta, ta rabu da sauran ta tafi aiki. Abin da ya fi burge ni, ita alfar da kanta take mayar da GTP zuwa GDP, don haka ita ke kashe saƙon da ta kunna. Kan gano waɗannan furotin ne Alfred Gilman da Martin Rodbell suka samu kyautar Nobel a 1994.

Makarɓan histamin iri huɗu ne, H1 zuwa H4, kuma a tantanin saman ƙoda H1 ne ke riƙe da ragama, nau'in furotin G da ake kira Gq yake tayarwa. Daga nan a samar da IP3, wani ɗan aike na cikin tantani, shi kuma ya buɗe ma'ajiyar kalsiyam ta cikin tantani. Idan aka shayar da tantanin rinin fura-2, mai nuna yawan kalsiyam, aka ɗiga histamin, za ka ga layin awon kalsiyam ya yi sama fal, ya ɗan sauko, sannan ya tsaya cak a tsakiya. Wannan tsayuwar ta kalsiyam ɗin da ke shigowa daga waje ce, kuma ita ke sa adirenalin ya ci gaba da fita. Cire kalsiyam daga ruwan da tantanin ke ciki, fitar sai ta ragu ƙwarai.

H2 kuwa nau'in Gs yake bi ya ƙara cAMP, wani ɗan aiken na cikin tantani, H3 da H4 su bi nau'in Gi su rage shi. Gubar ƙwayar cutar tarin shiƙa tana toshe Gi, shi ya sa masu bincike ke amfani da ita su gane hanyar da saƙo ya bi.

Likitoci sun taɓa dogara da wannan aikin. Daga 1945 akan yi allurar histamin ga wanda ake zargin yana da ciwon ƙari a ƙululun saman ƙoda, a zuba ido a ga ko hawan jininsa zai tashi. Gwajin yana da haɗari sosai, yanzu an koma auna adirenalin da dangoginsa a jini da fitsari.