Abin da bindigar noti ta koya mani a wurin faci

Shekara ta takwas kenan ina faci a nan Sakkwato, bakin hanyar Gusau kusa da Kwannawa, kuma shekaru shida na farko duk da wil sifana da guntun fayif munka yi su. Duk wanda ya taɓa aikin ya san wahalar, noti ya ƙi motsi ka zura fayif ka hau kai da ƙafa kana tsalle awa mai kirɓa ƙasar gini, rana na dukanka, mai mota na tsaye kanka shina duba agogo. To da nig ga injin ɗin nan mai batir da muke ce ma bindiga a hannun wani abokina, yadda yak kwance noti biyar kafin in gama gyara zaman jak, wallahi ranar ban yi barci da daɗi ba. Adashi niy yi wata da watanni kafin in saye tawa, mai batir 20V, bakinta rabin inci.

Ranar da nik kawo ta maigidana, Baba, ya juya ta a hannu ya danna ta yi ƙara tatatata, yam miƙo mani yac ce "wagga aba ƙarhi gare ta amma ba ta da kunne." Na yi dariya kawai, a raina nic ce tsoho ne ba ya son sabon abu.

Satin farko kam na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Da sifana dole ka fara sassauta noti tun taya na ƙasa kafin ka ɗaga jak, in ba haka ba tayar ta riƙa juyawa da kai, amma bindiga ko mota na sama sai ta kwance, don ba murɗawa take da ƙarfi ɗaya ba, akwai guduma a cikinta da ke ta bugu da sauri da sauri, shi ya sa ma hannunka ba ya jin jiki. Motocin da nake sallama a wuni sun ƙaru, bayana ya huta, yaran shago kowa so yake a ce shi ya riƙe ta.

Inda matsala ta fara shi ne wajen ɗaurewa. Na ɗauka in dai noti ya ɗauru tamau to aiki ya yi kyau, sai in danna in bar ta tana bugu har sai na ga soket, ƙarfen bakinta da ke kama noti, ya daina motsi gaba ɗaya, wani lokaci ma in ƙara mata kaɗan don lada. Wani direban Golf mai lodin Illela ya zo na yi mashi faci na maida taya haka, ya biya ya tafi. Bayan kwana uku sai ga shi ya dawo ransa a ɓace, ashe tayar ta sake sacewa a hanya da tsakar rana, ga fasinja cike da mota har da mata da goyo, ya fiddo sifanarsa ya yi ya yi ko ɗaya bai motsa ba, shi da fasinja biyu sunka hau kan sifanar har ta lanƙwashe. Sai da yah hau mashin ya je ya nemo mai faci a wani ƙauye, shi ma da fayif mai tsawo yas samu ya kwance, ɗaya kuma kansa ya murje sai da anka sa kurfi da guduma. Awa kusan uku a rana. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mani sauƙi, cewa kawai yay yi "ƙanena, kai da ka ɗaure kana inuwa, ni da zan kwance ina daji."

Baba na zaune kan benci bai ce uffan ba sai da mutumin ya tafi, sannan yac ce in ɗauko sifana in kwance notin wata mota da na gama ɗaurewa yanzu-yanzu. Na kasa. Nan jikina ya yi sanyi.

Daga baya ne wani makanike da ya yi aiki a babban gareji ya zaunar da ni ya yi mani bayanin awo. Kowace mota akwai iya ƙarfin da kamfani ya ce a ɗaure notinta, ana rubuta shi da Nm cikin littafin motar. Corolla da Camry 103 ne, yawancin ƙananan Honda 108, Golf 120. Kuma 100 ɗin nan ba wani abu ba ne, kamar ka rataya kilo 10 ne a ƙarshen ƙarfe mai tsawon mita 1, wato da sifanar da ke cikin but mutum ɗaya mai matsakaicin ƙarfi ya isa. Ita kuwa bindiga ko matsakaiciya tana ba da ninki uku ko huɗu na haka, manyan ma sun wuce 1000. Ka ga kenan abin da nake kira aiki mai kyau jan sitod ɗin nake, wato ƙarfen da noti ke hawa, yana miƙewa a hankali awa roba, tiredi na lalacewa, mazaunin noti a jikin rim na ci musamman rim na aloyi, wata rana a kan gudu sitod ya tsinke ba sallama. Har dis ɗin birki yana iya shafa in wani noti ya fi wani ɗauri, mai mota ya taka birki ya ji sitiyari na rawa ya rasa dalili.

Yanzu ga yadda nake yi. Kowane noti da yatsu nake fara shi, zagaye uku ko huɗu, in na ji ya cije to ya hau a karkace ne sai in warware in sake, wannan shi ne kunnen da Baba ke faɗi, don bindiga ko a karkace noti ya hau tura shi za ta yi ta yanka sabon tiredi, kai kana murna ya shiga. Sannan in sa ta a lamba ɗaya in ɗan taɓa har noti ya zauna, ba a jere ba, wanga sannan na gabansa awa kana zana tauraro, don rim ya kwanta daidai. In sauke jak, in ƙarasa da sifana mai awo wadda ke yin ƙas in ta kai. Ita ma da kuɗi na saye ta kuma ta fi bindigar rage mani faɗa da mutane. Masu doguwar tafiya ina ce masu in sun yi kilomita 50 zuwa 100 su sake taɓa notin, wasu su ji wasu su ce to kawai.

Soket ma ya koya mani hankali. Mai ƙyallin nan fari na hannu ne, na sa shi a bindiga ya tsage guntun ya wuce ta gefen idon yarona, Allah ne ya kiyaye. Baƙin shi ne nata. 17 da 19 da 21 su ne abincin kullum, Golf da Marsandi 17, Honda 19, Toyota 21. Notin sirri mai makulli kuwa ban sa mashi bindiga sam, makullin ba ya jure bugu, in ya fashe kai da mai mota kun kwana. Motar Kanta kuma a duba sitod ɗin gefen hagu, da yawa akwai L a jiki, tiredinsu baibai yake, in ka sa bindiga a kwancewa ɗaurewa kake. Manyan motoci irin tirela ban ma gwadawa, wannan sai babba mai baki inci ɗaya.

Sai batir, wanda shi ne rabin kuɗin abin. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu ya wuce digiri 40, batirina na farko a kan tebur na bar shi cikin rana kullum, kuma da ya mutu in jona shi a caji da zafinsa, bai rufa shekara ba ya fara yin mota uku ya kwanta. Wanda nake da shi yanzu cikin akwatin katako yake ƙarƙashin dogon yaro, sai ya huce nake cajinsa a shagon mai sola da ke gefenmu, kuma wil sifana da fayif na nan inda suke don ranar da babu caji.

Direban Golf ɗin nan ya dawo wurina bayan kusan wata biyar, ban san ko huce wa yay yi ko hanya ce ta biyo da shi ba. Da na gama yac ce in ba shi wuri, ya buɗe but ya fiddo sabuwar sifanarsa ya gwada noti ɗaya da kansa, ya kwantu, ya maida ya ɗaure, sannan yas sa hannu aljihu. Har yau duk zuwan da zai yi sai ya yi wannan gwajin, Baba kuma in ya hango shi tun daga nesa sai ya fara dariya yana cewa in shirya ga mai jarrabawa nan ya iso.