Ranar Laraba bayan Azahar: yadda malamanmu suka kama aiki da kwamfuta

Duk wanda ya taɓa aiki a makarantar kuɗi a Kano ya san tambayar da iyaye suke fara yi idan sun zo neman wa yaro gurbi: "Kuna da ɗakin kwamfuta?" Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015 tambayar ta ƙara ƙarfi, kuma da gaskiyarsu, domin babu uban da zai so ɗansa ya fara taɓa kwamfuta a ranar da rayuwarsa ta rataya a kanta. Shi ya sa masu makarantu suke rige-rigen sayen kaya. A shirya ɗaki, a jera kwamfutoci, a ɗauki hoto a sa a kalandar makaranta. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne ko malamin da ke tsaye gaban yaran nan daga safe zuwa azahar ya iya amfani da abin da aka saya.

Ni malamar lissafi ce, kuma mataimakiyar shugaba mai kula da harkar karatu a wata sakandare mai zaman kanta. Lokacin da aka rufe makarantu saboda korona a watan Maris na 2020, asirinmu ya fito fili. Muna da ɗakin kwamfuta, muna da majigi guda biyu a kulle cikin kabad, amma da aka ce kowane malami ya tura wa ajinsa darasi ta WhatsApp, sai aka koma ɗaukar hoton littafi a karkace ana turawa. Ba lalaci ba ne. Babu wanda ya taɓa zama da su ya nuna musu wata hanya.

Bayan an dawo, Hajiya mai makaranta ta yi abin da kowa yake yi: ta ɗauko wani kamfani ya yi mana bita ta kwana biyu a lokacin hutu. Masu bitar sun san aikinsu, ba na ƙwace musu wannan. Sun nuna mana manhajoji birjik, an ci abinci, an raba takardar shaida. Da aka shiga zango, majigin nan suka ci gaba da kwana a kabad. Dalilin a bayyane yake. Abin da aka nuna wa malami a watan Agusta, a kan kwamfutar wani, da intanet ɗin otal mai gudu, ba shi da alaƙa da ajinsa na ranar Litinin inda babu wuta kuma yara sun haura arba'in.

Da Hajiya ta fara zancen ƙaro kwamfutoci, sai na nemi ganinta. Na ce, "Ranki ya daɗe, kafin a sayi ko da guda ɗaya, ina roƙon a sayar min da lokacin malamai." Na ba ta labarin shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfuta, wanda har an gwada shi a wata firamare a Galadima ta Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta raba irin waɗannan kwamfutoci sama da 800,000, kuma da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya yi bincike ya fitar da sakamako a 2012, bai ga ci gaba a lissafi ko karatun yaran ba. Kaya sun isa hannun yara, amma yadda ake koyarwa bai sauya ba. Buƙatata ɗaya ce: a sallami ɗalibai da wuri ranar Laraba, a bar mana darasin ƙarshe.

Na dage kan cewa ya kasance cikin lokacin aiki, kuma har yau ina ganin wannan ne ginshiƙin komai. Malamin makarantar kuɗi ba shi da yamma. Ana tashi, wani ya wuce Islamiyya, wani yana da yaran da yake yi wa darasi a gida, wata tana da ɗinki, wata girki na jiranta. Da waɗannan ake cike giɓin albashi. Idan ka ce masa ya zo bita ranar Asabar ba tare da ko kuɗin mota ba, ka cire masa abinci daga baki ne, zai zo jikinsa kawai. Hajiya ta ɗan yi jim, ta ce iyaye za su ce an rage musu abin da suka biya. Muka rubuta musu takarda muka bayyana dalili, kuma ƙorafin bai kai yadda muka ji tsoro ba.

Ba mu fara da majigi ba. Mun fara da abin da ya fi damun kowa, wato haɗa sakamakon ƙarshen zango. A wurinmu gwaji maki 40 ne, jarrabawa 60, kuma malamin aji yakan kwana yana tara maki da kalkuleta, ya fitar da na ɗaya har na ƙarshe, idan ya yi kuskure a layi guda sai an sake daga farko. Na shirya shafin Excel mai sauƙi: ka shigar da maki, ya tara, ya ba da daraja, ya jera matsayi. Ranar da wata malamar Turanci ta ga aikin da take yi a kwana uku ya kammala kafin a kira La'asar, ita da kanta ta riƙa jawo sauran. Gani ya kori ji. Daga nan malamai suka daina kallon zaman Laraba a matsayin wani sabon nauyi da ofis ya ɗora musu.

Sai muka shiga aji. Tsarin da muka bi, na aro shi ne daga abin da malaman Japan suka daɗe suna yi: malamai su haɗu su tsara darasi ɗaya, ɗayansu ya koyar, sauran su zauna a bayan aji suna lura da yara, sannan a dawo a tattauna. Sharaɗinmu shi ne duk abin da za a gwada ranar Laraba ya zama darasin da ke cikin jadawalin mako mai zuwa. Ba ma koyon manhaja don ita kanta.

Ni na fara, don kada a ce na tura wasu gaba. Akwai ƙa'ida a lissafin da'ira da ke cewa kusurwar da ke tsakiya ninki biyu ce ta wadda ke bakin da'ira idan sun tsaya a kan baka ɗaya. Shekara da shekaru ina zana ta a allo, yara su haddace, su manta. Da manhajar lissafi ta GeoGebra, wadda kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba, na sa wata yarinya ta fito ta riƙa jan ɗigon yana zagaya bakin da'irar, lambar kusurwar kuma ta ƙi motsi. Wani yaro daga baya ya ce, "Malama, to idan aka ja shi ya tsallaka ɗaya ɓangaren fa?" Wannan tambayar ita ce ƙofar ƙa'ida ta gaba, kuma ban taɓa jin ɗalibi ya yi ta da kansa ba sai ranar. A tattaunawar da ta biyo baya, malamin kimiyyar haɗe-haɗe ya ce ya lura layin baya ba sa ganin lambobin, kuma na yi saurin ba da amsa kafin yara su yi tunani. Duka biyun gaskiya ne. Da malamai suka ga an gyara wa mataimakiyar shugaba a gaban kowa kuma ba abin da ya faru, sai jikinsu ya saki.

Akwai wani dattijo malamin fiziks da ya yi ritaya daga aikin gwamnati kafin ya zo mana. Duk makarantar babu wanda ya kai shi sanin darasinsa, amma a zaman Laraba yakan naɗe hannu ya yi shiru. Wata rana ya same ni a ofis ya ce, "'Yata, ba ƙi nake ba. Ba zan iya fafutuka da wannan abin a gaban yaran da na haifa ba." Na ce, "Baba Malam, to mu yi a keɓe." Na haɗa shi da wani matashin malami, suna zama su biyu a ɗakin gwaji. Suka sauko da kwaikwayon PhET na jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman, mai kyautar Nobel a fiziks, ya assasa a 2002. A ciki akwai na haɗa da'irar lantarki: batir, waya, ƙwan fitila, makunni. Makarantarmu ba ta da isassun kayan gwaji, don haka a da Baba Malam da baki yake bayyana abin da zai faru idan aka jera ƙwai a layi ɗaya ko aka raba musu hanya. Yanzu sai ya sa yara su fara faɗin abin da suke zato, sannan a kunna a gani. Matashin ya koya masa danne-danne, shi kuma ya koya wa matashin yadda ake tambayar da ke tono kuskuren yaro. A ganina matashin ya fi cin riba.

Maganar wuta kuwa, ta koya mana tsara komai kamar babu intanet. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, tayar da janareta don darasi ɗaya ya zama abin da sai an yi shawara. Hajiya ta sa sola a ɗaki ɗaya, muka ɗora manhajar darussa ta Kolibri a kan wata tsohuwar kwamfuta, wadda sauran na'urori ke ɗaukar darussa daga gare ta ba tare da data ba. Duk abin da malami yake so, a sauko da shi tun ranar Laraba. Kuma kowane darasi yana da madadinsa na alli da allo, domin ranar da batir ya mutu ba za a sallami yara ba.

Shirin JAMB bai ɗauke mu dogon lokaci ba. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, ana iya amsawa da haruffan A zuwa D, a matsa gaba da N, a koma baya da P. Malamai suka fara zama suka yi gwajin da kansu, suka ji yadda agogo ke cin mutum, sannan suka san abin da za su faɗa wa ɗalibai.

Abin da ya fi ba ni aiki yanzu shi ne ChatGPT da 'yan uwansa. Malamai sun gano yana rubuta tsarin darasi cikin ƙiftawar ido, kuma ban hana ba, domin na san yawan rubutun da ake ɗora musu. Amma na fara ganin tsare-tsare masu kyan gani da ba su dace da manhajar karatunmu ba, da misalan da yaron Kano bai san su ba, malamin Hausa kuma ya kawo mana karin maganar da na'urar ta ƙirƙira wadda babu Bahaushen da ya taɓa faɗa. Muka yi yarjejeniya: wanda ya yi amfani da shi ya faɗa ba tare da kunya ba, ya gwada da littafi, ya warware kowane lissafi da hannunsa kafin ya shiga aji.

Akwai ciwon da ban samo masa magani ba. Malamin da ya ƙware shi ne ake fara ɗaukewa. Matashin nan da ya zauna da Baba Malam yana wata babbar makaranta a Abuja yanzu. Ran Hajiya ya ɓaci, har ta kawo shawarar a riƙa sa malamai hannu a takardar cewa ba za su tafi ba sai bayan wasu shekaru. Na roƙe ta kada a yi. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, kuma malaman makarantun kuɗi da yawa ba su kai nan ba. Mutumin da ke da iyali ba za a ɗaure shi da takarda ba. Abin da muka iya yi shi ne mu tara duk darussan da aka tsara a ma'ajiya ɗaya ta makaranta, kuma duk wanda ya iya abu sai ya koya wa wani, don kada ilimin ya fita ƙofa tare da mutum ɗaya. Muna kuma taimaka wa waɗanda ba su yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ba su shirya jarrabawarta, ko da mun san takardar za ta iya buɗe musu wata ƙofar.

A zangon nan malaman sashen firamare sun nemi a ba su tasu ranar, domin abin da ya dace da ɗan aji biyu daban yake da namu. Na kai wa Hajiya buƙatarsu haɗe da ta kuɗin data, wanda har yanzu daga aljihunsu malamai suke biya. Ta amince da ranar Talata. Maganar data ta ce sai an ga yadda kuɗin makaranta suka shigo.