Jawi ba ajaminmu ba ne

Har yanzu ina jin haushin waɗanda suka ce mini, kafin in tafi Malesiya, wai tunda na iya Larabci kuma na tashi da ajami, littattafan malaman Malay ba za su ba ni wahala ba. A kan wannan maganar na tsara bincikena game da yadda malamai suka yaɗa Musulunci a yankin, na ware kusan duk kuɗin tallafina don zaman ɗakunan karatu a Kuala Lumpur.

Ranar da aka ajiye mini Siraɗal Mustaƙim na Nuruddin ar-Raniri, mutumin Gujarat ta Indiya da ya zauna a Aceh, a tsibirin Sumatra, daga 1637, na gane haruffan sarai, amma baki ya ƙi motsi. Ajaminmu a wasalce yake, shi kuwa Jawi, wato rubutun Malay da haruffan Larabci, babu fataha babu kisira, sai wanda ya san harshen zai cike gurbin. Ga kuma ainu da fa'u masu ɗigo uku-uku. Wata da watanni ina kokawa da ƙamus, kuɗi suna zurarewa.

Wani ɗalibi ɗan jihar Kelantan ta Malesiya ne ya tausaya mini, ya kai ni pondok a garinsu: ƙananan ɗakunan katako kewaye da gidan malam da masallaci, kamar dai tsangaya. Tok guru, wato malamin, ya karanta layi ɗaya, ya tsaya ya warware shi da karin harshen Kelantan, almajirai suna rubutu a gefen shafi. Nan na gane ba don mutum ya kulle kansa a ɗaki aka rubuta littattafan nan ba. A gaban malami ake cin su.

Kowa ya san labarin fataken da suka kai Musulunci yankin, da kabarin Sarki Malikus Salih na Pasai a Sumatra, wanda ya rasu a 1297. To amma wa ya koya wa manomin shinkafa alwala? Abdurra'uf as-Singkili ya yi shekara 19 a ƙasar Larabawa, ya yi karatu wurin Ahmad al-Ƙushashi a Madina, ya dawo Aceh ya rubuta tafsirin Alƙur'ani gaba ɗaya da Malay. Dawud al-Faɗani daga Makka yake rubutu, ya rasu a 1847, amma na ga ana karanta littafinsa na sallah da idona. Almajiran Tok Kenali, malamin Kelantan wanda ya rasu a 1933, su suka bazu suna buɗe pondok. Duk Shafi'awa ne, don haka ɗan Malikiyya kada ya razana in ya ji ƙunutun asuba a bayyane bayan ruku'u.

Mai niyyar irin wannan aikin, ka fara koyon Malay da bokonsa tun kana gida, ka sauka pondok tukuna, ɗakin karatu ya biyo baya. Ni sai da na nemi ƙarin zango, kuma daga aljihuna na biya. Masu cewa "ai ajami ne" ko sisi ba su taya ni ba.