Farautar Tsoffin Kaset a Kano

Duk wanda ya ji ina sayen tsoffin kaset-kaset, tambayarsa ɗaya ce: "Me za ka yi da su, bayan komai yana waya?" Da ɗan gaskiyarsa. Ka je wurin masu turi a Fam Santa, da kuɗi kaɗan za su cika maka memori da Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos. Sai dai galibin abin da ke yawo a waya shi ne wanda kamfanoni irin su EMI suka buga, ko wanda Rediyon Kaduna ya yi ta maimaitawa har kowa ya haddace. Ni abin da ke fitar da ni gida shi ne kaset ɗin da wani ya ɗauka da rikodarsa a wajen biki, ko naɗin sarauta, ko wasan Sallah, ya jefa a akwati ko suna bai rubuta masa ba. Makaɗan nan ba sa rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Shata, wanda ya rasu a 1999, in ya hango wani a taro sai ya ɗinka masa baiti nan take, kuma in ba rikodar wani ta kama ba, baitin ya tafi ke nan.

Shagunan kaset sun daɗe da mutuwa. Faifan sidi ne ya fara kwantar da su, memori ya ƙarasa. Yanzu inda ake dacewa shi ne rumfunan gwanjon kayan lantarki a Sabon Gari, da wurin 'yan gwangwan, da masu jari-bola, sai kuma gidan da aka yi rabon gado, domin ban taɓa jin magada sun yi rigima a kan kwalin kaset ba. Amma wurin da ya fi ko'ina albarka shi ne shagon tsohon mai gyaran rediyo. Mutum zai kawo rikoda gyara da kaset a cikinta, ya tafi, shekara da shekaru ba a sake ganinsa ba.

Ciniki kuwa, kada ka tsaya zaɓe. Da ka ɗaga guda ɗaya ka ƙura masa ido, mai kaya ya gane, sai ka ji "albarka" har ka gaji. Ni kwalin nake tayawa gaba ɗaya, da na wa'azi da na Indiya da wanda ya tsinke, in na je gida na tsince. Ina kallon jikin kaset ɗin kafin komai. Mai noti biyar a kusurwa da tsakiya ana kwance shi a gyara, wanda aka liƙe da gam kuwa sai an fasa. C60, mai minti 30 kowane gefe, zarensa ya fi kauri da juriya. C90 ba laifi. C120 siriri ne ƙwarai, rikoda na ƙyalla ido ta tauna shi. In na ga TDK ko Maxell ko Sony hankalina yakan kwanta. Sai in leƙa ƙasan zaren in ga ko ɗan soson nan da ke danna shi a kan hed, wato ƙarfen rikoda da ke karanta sauti, yana nan, don yakan faɗi, kuma in babu shi sauti sai ya riƙa zuwa yana ɗaukewa.

Mafi yawan abin da na sani a harkar nan daga bakin wani dattijo mai gyara na same shi. Ranar da na kai masa wata tsohuwar rikoda ƙirar National Panasonic, ya kwance bayanta ya zaro bel ɗin, ya narke ya zama baƙin danƙo yana bin yatsa. Ya ce, "Samari, kaset kake tarawa ko shara? In rikodarka ba ta da lafiya, duk abin da ka sa mata cinyewa za ta yi." Na ce, "To Baba, ya za a yi?" Bai amsa ba. Ya sa sabon bel, ya naɗa auduga a tsinken ashana ya tsoma a sifirit, ya goge hed ɗin da ƙarfen da ke jan zare, audugar ta fito ja wur da tsatsar shekaru. Sannan ya sa kaset, ya ɗauki siririn sukundireba ya riƙa murza wani ɗan noti a gefen hed a hankali, kunnensa a jikin sifika. Waƙar da ke fitowa a dushe ta washe, har aka fara rarrabe kalangu da muryar 'yan amshi. Ya ce kowane kaset da tasa rikodar aka ɗauke shi, don haka kowanne da murzawar da yake so.

Shi ne kuma ya kafa mini ƙa'idar da nake bi har yau: tsohon kaset, jin farko yana iya zama na ƙarshe. Don haka ba na danna komai sai na zura biro na juya zaren da hannu daga farko har ƙarshe, in ji ko ya manne. Sannan in jona rikoda da kwamfuta, in buɗe Audacity, manhajar da kyauta ce, in fara ɗauka tun daga jin farko. In zare ya tsinke, a yanka bakin biyu a karkace a haɗa ta baya da siririn salatif. Wasu da jan farce suke liƙewa. Yana riƙewa, amma ni ba na so, yana ɓata hed.

Inda abin ya fi yi mini daɗi shi ne gano shekarar da aka ɗauki kaset marar suna. Kunne ake kasawa wurin sanƙira, ba wurin mawaƙi kaɗai ba, domin shi ke faɗin wane ya ba da kaza, wane ya zo daga wuri kaza. In ya kira Katsina ko Funtuwa a Jihar Kaduna, to kafin 1987 ne. In Haɗeja ko Gumel suna Jihar Kano, ba a kai 1991 ba. In Gusau tana Jihar Sakkwato, kafin 1996 ne. Kuɗi kuwa yana yaudara. Naira ta maye gurbin fam a 1973, amma mutane sun daɗe suna kiran naira biyu fam ɗaya, don haka jin "fam goma" bai isa hujja ba. Sunan sarki ko gwamnan da aka ambata ya fi tabbas. Duk abin da na gano ina rubuta shi a littafi, tare da inda na sayo da abin da mai sayarwa ya faɗa mini, ko da ƙaryar kasuwa ce.

Faifan garmaho ma yakan faɗo jefi-jefi. Tsohon mai nauyin nan, mai juyi 78 a minti, waƙar kusan minti uku yake ɗauka a gefe ɗaya, yana fashewa kamar tangaran, kuma ba a goge shi da sifirit, narkar da fuskarsa yake yi. Shi da na roba duk a tsaye ake jera su, nesa da rana. Kaset kuma a nisanta shi da sifika saboda maganaɗisu, a rufe shi lokacin hunturu saboda ƙura, a ɗaga shi daga ƙasa da damina saboda funfuna da gara.

Akwai nau'in da ban fita nemansa ba, shi yake zuwa a cikin kwali: kaset ɗin saƙo. Kafin waya ta wadata, mutanenmu da ke Makka da Jidda da Sudan da Kumasi sukan ɗauki murya su ba matafiyi ya kawo gida. Za ka ji mace ta yi sallama, ta gaida Inna, ta gaida Yaya, ta bi 'yan gida ɗaya bayan ɗaya har da jaririn da ba ta taɓa gani ba, sannan ta shiga zancen bashi, ko kishiya, ko auren da ake son rabawa. Abokan harka sun sha ce mini in sa irin waɗannan a Facebook, wai za su ja mutane. Ban yarda ba. Kuɗina ya sayi roba da zare ne, sirrin gidan mutane bai shiga cinikin ba. In an ambaci unguwa da sunan gida, nakan bi ta wurin mai unguwa in yi cigiya, kuma wasu an dace sun koma hannun jikokin masu su. Sauran suna cikin kwali daban, na rubuta musu "amana" a jiki.