Abin da Kufena da yarana suka koya mini a sana'ar hoto

A shago na koyi hoto, a Sabon Garin Zariya. Abincinmu hoton fasfo ne, da biki da suna da saukar karatu, sai kuma ranar yaye ɗalibai idan Samaru ta cika da dogayen riguna da huluna. A irin wannan aiki haske a hannunka yake. Ka kunna fitila, ka ja labule, ka ce wa mutum ya ɗan ɗaga haɓa, shi ke nan. To da na fara sha'awar ɗaukar duwatsu da ruwa da sararin sama, sai na ɗauka abin zai zo mini da sauƙi, tunda dutse ba ya motsi.

Abin da ya jawo sha'awar kuwa hotunan tafkunan Suwizalan da Kanada ne da nake gani a intanet, ruwa shuɗi shar, ga dutse mai ƙanƙara ya kifa kansa a ciki. Wata rana na nuna wa maigidana, wanda a hannunsa na koyi sana'a, na ce, "Malam, da mutum zai samu zuwa irin wannan wuri, ai ya gama hoto." Ya duba na ɗan lokaci, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Ka taɓa hawa Kufena da asuba?" Na ce ban taɓa ba. A Zariya aka haife ni, kullum in na nufi Wusasa ina hangen dutsen, amma ƙafata ba ta taɓa taka shi ba. Ranar ce ya ba ni labarin ɗaliban zane da suka kafa ƙungiya a nan garin a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, tun makarantar ba ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ba, don sai a 1962 ta zama. Ya ce abin da suka tsaya a kai shi ne mutum ya koyi dabarar Bature, amma ya zana abin da ke ƙasarsa. Daga nan bai ƙara cewa komai ba, ya ci gaba da yankan fasfo.

Hawana na farko ni kaɗai na yi, a watan Janairu, kuma ƙarfe tara ta wuce kafin na isa. Na dawo da hotuna sun fi ɗari, babu ko ɗaya da zan iya nuna wa mutum. Sama fari fat, garin da nake son ɗauka daga can sama ya nutse cikin hazo, dutsen kuma ya fito kamar toka. A lokacin ne na fara karanta dalili. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana watsa haske ta ko'ina, sai inuwa ta mutu, in kuwa babu inuwa dutse ba shi da jiki a hoto. Wannan ƙurar dai ita ce ta shige mini kyamara da na canza madubi, wato gilashin gaban kyamara, a fili, na yi wata guda ina goge ɗige-ɗige a fuskokin amare. Tun ranar ba na buɗe kyamara a waje da hunturu.

Akwai kuma maganar lokaci. Littattafan Turai suna yawan ambaton awa ɗaya ta hasken zinare bayan fitowar rana da kafin faɗuwarta. Waccan awar tasu ce. Zariya tana wajen digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya, rana a nan kusan a miƙe take tashi, tana hawa kimanin digiri 15 duk awa. Jan hasken nan mai laushi da ke fito da kowace tsaga a jikin dutse, in ka samu rabin awa ka gode Allah. Wanda ya tsaya karin kumallo ya rasa shi. Dole ka idar da sallar asuba ka kama hanya, ka kafa ƙafar kyamara tun gari bai gama wayewa ba.

Duk wannan da karatu da ɓarnar batir ana iya koyonsa. Abin da ya fi canza mini aiki daga gida ya zo, ranar da uwargida ta ce ba ta ga dalilin da kowace Asabar zan ɓace in bar ta da yara uku ba. Ta ce, "Malam, ko dai ka tafi da su, ko mu tafi gaba ɗaya." Raina bai so ba, don na san tafiyar da nake yi cikin minti ashirin za ta koma awa ɗaya. Haka kuwa aka yi. Farkon Oktoba ne, damina na bankwana, an yi ruwa daren. Babbar tana da shekara tara a lokacin, mai bi mata shida, autan kuma a bayan uwarsa. Ba mu yi nisa da gindin dutsen ba na ga rana ta riga mu, na haƙura da hoton da na fito dominsa.

Muna hutawa a kan wani falalen dutse sai na ga yaron ya kwanta rubda ciki, ya kafa haɓa a bakin wani ɗan rami da ruwan sama ya taru a ciki. Faɗin ramin bai wuce faranti biyu ba. Ya ce, "Baba, zo ka ga sama a cikin ruwa." Na tsuguna, ban ga komai ba sai gansakuka da 'yan tsutsotsi. Ya ce in kwanta kamar shi. Da na kwanta, kumatuna a kan dutse mai sanyi, sai ga ƙololuwar Kufena a kife, ga gajimare jajaye, ga wata bishiya a gefe, duka a cikin wannan ɗan ruwan. Na ajiye kyamara a kan dutsen, madubinta bai fi yatsa uku daga ruwan ba, na matse ƙofar haske zuwa f/11 don na kusa da na nesa su fito tare, na bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 100, na danna. Har yau wannan hoton ne a rataye a shagona, kuma wanda duk ya gan shi tafki yake cewa.

Shekaru ina ɗaukar komai daga tsayin idona, a tsaye, kamar yadda ake yi wa mai fasfo. Yaro ɗan shekara shida ne ya nuna mini cewa ruwa ba ya zama madubi sai ka sauko kusa da shi ka kalle shi a kaikaice. Daga baya na gane sauran. Hoton da ke cikin ruwa kullum ya fi na zahiri duhu, don haka in ka auna haske a kan ruwan, to sama za ta ƙone, wato ta yi fari fat, gara ka auna a sama, ka ɗago duhun daga baya a kwamfuta. Iska kuma da sassafe take kwance, da rana ta ɗumama ƙasa za ta tashi ta yamutsa ruwan. Na gwada wannan sau da yawa a dam ɗin Kubanni da ke cikin jami'a a Samaru: ƙarfe bakwai saura kwata ruwan lumui, balbelu suna ratsawa da inuwarsu, kafin takwas da rabi ya fara rawa. Akwai filtar da ake ɗaura wa madubi don kashe ƙyalli, tana ƙara wa sama shuɗi idan rana na gefenka, amma in ka murɗa ta da yawa sai ta share hoton cikin ruwan da ka zo nema. Na yi asarar safiya guda kafin na gane haka.

Zariya dai ba ta da tafki a kan dutse, sai madatsun ruwa kamar na Kubanni da na Shika da na kogin Galma. Mai son ganin ruwa a tsakanin duwatsu sai ya fita. Akwai Tila a ƙasar Biu, da Pidong a Ampang ta ƙaramar hukumar Mangu a Filato, dukansu ruwa ne da ya taru a bakin tsohon dutse mai aman wuta. Mu inda ƙarfinmu ya kai shi ne Jos. Muka bi ta Pambeguwa da Saminaka, muka sauka wajen 'yan'uwa, washegari muka nufi dam ɗin Lamingo da ke gindin duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Jos kanta tana wajen mita 1,200, kusan ninki biyu na tsayin Zariya, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da digiri shida da ɗoriya. Na san wannan a takarda, amma ban ɗauko wa yara rigunan sanyi ba. Autan ya yi ta kuka da asuba har uwarsa ta naɗe shi cikin mayafinta.

A wannan tafiyar ne abin da ba na mantawa ya faru. Rana ta fara taɓa kan duwatsun, ina ta sauri in daidaita ƙafar kyamara, idona a cikin ramin kallo. Babbar ta hau wani dutse a bayana don ta ga abin da nake gani. Raɓa ta jiƙa shi, ga gansakuka, ga silifas a ƙafarta. Ƙarar faɗuwarta kawai na ji. Allah ya taƙaita, gwiwa ce ta fashe da tafin hannu, kuma ta ɓangaren ciyawa ta zame. Da ta ɗaya ɓangaren ne, ruwa ne a ƙasa. Ina wanke mata ciwon da ruwan gora hannuna na rawa, ita kuma tana ce mini, "Baba, ka ɗauki hotonka kada rana ta wuce." Ban ɗauka ba, kuma ban iya cin abinci ba ranar.

Mai kallo ta cikin kyamara makaho ne ga duk abin da ke wajen firam. Wannan ba a faɗa mini a shago ba, don a shago babu abin da zai faɗa wa mutum. Yanzu in za mu fita, ni da uwargida muna raba aiki a fili: in idona ya shiga kyamara sai na ce mata na shiga, ita kuma ta san yara a hannunta suke har in ce na fito. Silifas ba ya hawa dutse a gidana, kowa da takalmi mai igiya. Ba na bari yaro ya sa ƙafa a ruwan da ke tsaye, komai kyansa, saboda tsargiya a irin wannan ruwan take, ta jikin ƙananan dodon koɗi, kuma ta fata take shiga. A Filato kuma akwai tsoffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika, suna da kyau a hoto ƙwarai, amma bakinsu a miƙe yake zuwa ƙasa, babu tudun da yaro zai taka. Daga nesa muke kallonsu. In hadari ya haɗo muna kan dutse, ko hasken ya kai yaya, sauka muke, don tsawa wuri mai tsayi take nema, ga kuma ƙarfe mai ƙafa uku a hannuna.

Tafiya da iyali ta kuma gyara mini zama da mutanen wurin. Da ni kaɗai ne, sai in ratsa gona in wuce, hankalina na kan haske. Da yara dole ka tsaya, dole ka yi sallama, dole ka tambayi hanya mai sauƙi da kuma lafiyar wurin kafin ka yi nisa. Wani dattijo manomi a gindin Kufena, da ya ga yaran sun durƙusa sun gaishe shi, shi ya nuna mana ragowar tsohuwar ganuwa da na sha wucewa ina zaton tudun ƙasa ne, ya ce nan ma mazaunin Zagezagi ne tun da, kamar Turunku. Makiyayi ne ya gaya mana wace tsaga ce ƙudan zuma ke ciki. Matan da ke wanki a bakin ruwa kuwa ba na ɗaga kyamara wajensu, uwargida ce ke zuwa ta gaishe su, in sun ce a'a an gama magana.

A ganina masu koyon wannan fanni suna ɓata kuɗi da yawa a kan madubi da sabuwar kyamara, alhali abin da suka rasa shi ne komawa wuri ɗaya sau ashirin. Kufena ta Agusta kore ce shar, iska a wanke, kana hango rimayen cikin birni ɗaya bayan ɗaya. Ta Nuwamba ruwan zinare ce, ciyawa ta bushe, ana girbin dawa. Ko hazon da na tsana da farko na koyi amfaninsa: in ka fuskanci rana da yamma, sai duwatsu da bishiyoyi su jeru baya da baya, kowane layi ya fi na gabansa haske, rana kuma ta koma kamar faifai. Yara ba sa gajiya da komawa wuri ɗaya, su ne ma ke tuna mini ramin da ya bushe da wanda har yanzu yake da ruwa.

Na wanke hoton ɗan ramin nan babba na kai wa Malam gida, don yanzu ya bar zuwa shago, idonsa ya yi rauni. Ya matso da shi kusa da fuska, ya daɗe yana bi da yatsa, sannan ya tambayi wanda ya gano wurin. Na ce jikansa ne. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar kyamararsa a cikin jakar fata, ya ce in ajiye wa yaron har hannunsa ya iya riƙe ta. Tana nan a saman sif, babbar ce ma ta riga shi fara tambayar yadda ake sa mata fim.