Abin da na koya daga watsewar tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa

Binciken da na yi don kammala digiri a sashen tarihi ya shafi yadda ƙasashe renon Faransa suka zauna da juna bayan wargajewar tarayyarsu mai yankuna takwas, wadda ake mulkarta daga Dakar. Darasin da ya fi zauna mini shi ne cewa haɗin kan da ya dogara ga layin dogo, tashar jiragen ruwa da baitulmali ya fi wanda aka kafa a kan tuta da jawabai tsawon rai.

Tun daga dokar 1956 da ta ba kowane yanki gwamnatinsa, shugabannin suka rabu biyu. Senghor na Senegal yana son a riƙe tarayya, shi kuwa Houphouët-Boigny na Kodebuwa bai ga dalilin da kuɗin kofi da koko na Kodebuwa zai ci gaba da kwarara zuwa Dakar ba. A Janairun 1959 yankuna huɗu suka amince su kafa Tarayyar Mali, amma kafin a je ko'ina Haute-Volta (Burkina Faso ta yau) da Dahomey (Benin ta yau) suka janye jiki, domin hanyar Volta ta zuwa teku jirgin ƙasan Abidjan ne, 'ya'yanta kuma a gonakin Kodebuwa suke ƙwadago. Senegal da Sudan ta Faransa (Mali ta yau) da suka rage sun sami 'yancin kai tare ranar 20 ga Yunin 1960, ranar 20 ga Agusta kuma aure ya mutu. Aka sa Modibo Keita, jagoran Sudan ta Faransa, a jirgin ƙasa aka mayar da shi Bamako, aka rufe layin dogon Dakar har zuwa 1963, Mali ta koma jigilar kayanta da manyan motoci ta Abidjan duk da tsadar hanyar.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙungiyar Conseil de l'Entente, wadda Kodebuwa, Nijar, Volta da Dahomey suka kafa a Abidjan a Mayun 1959. Ba ta yi alkawarin zama ƙasa ɗaya ba, asusun taimakon juna kawai ta buɗe, wanda Kodebuwa ce ta fi zuba masa kuɗi, kuma har yau tana nan, ko da yake ba kasafai ake jin ɗuriyarta ba. Na fi daɗewa a kan hukumar sufurin da Nijar da Dahomey suka mallaka tare: jirgin ƙasa ya ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Parakou, daga nan motoci su kwasa, su haye gadar Malanville zuwa Gaya. A ƙarshen 1963 ƙasashen biyu suka ɓata a kan tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori ma'aikata 'yan Dahomey, aka rufe iyaka. Duk da haka gyaɗar Nijar tana buƙatar teku, tashar Kwatano kuma tana buƙatar kaya, shi ya sa aka koma hulɗa tun ba a raba gardamar ba, wadda sai a 2005 Kotun Duniya ta yanke ta, ta ba Nijar tsibirin.

Inda hujjata take da rauni shi ne batun kuɗin sefa. Mali ta fice daga cikinsa a 1962, ta buga nata, sannan ta dawo a 1984, amma a ganina ba amanar maƙwabtaka kaɗai ta riƙe wannan kuɗi ba, tun da baitulmalin Faransa ne ya tsaya masa lamuni.